Shaf Uku a Girbi Ɗaya: Nazarin Wata Hilux Mai Jigilar Shinkafa a Fadamar Suru

Motar Hilux ce mai injin fetur na lita 2.7, giyar hannu, da agzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja. Aikinta kwaso shinkafa shanshera daga cikin fadama a yankin Suru zuwa bakin titi, inda manyan motoci ke jiran lodi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya faɗaɗa a fadamun jihar Kebbi, kuma irin waɗannan motoci ne ke cin wahalar zangon da tirela ba ta iya shiga. A girbin rani guda, wanda ya haɗu da ruwan farko, motar nan ta karya shaf na baya, sandar ƙarfen da ke juya taya, har uku, duk a ɓangaren hagu.

Mai motar ya gaji. Buƙatar da ya kawo gareji ita ce a samo masa shaf na kuromoli, ƙarfe mai haɗin kuromiyam da molibdenam, irin wanda 'yan tseren mota na Amurka ke sawa, ko nawa ne kuɗinsa, ko kuma a sa mai injin sassaƙar ƙarfe ya fere masa ɗaya daga ƙarfe mai kyau. Buƙata ce mai hankali a fuska. Amma da aka duba karyayyun shaf ɗin, aka kuma yi lissafin nauyin da ake ɗora musu, sai ya bayyana cewa sunan ƙarfe shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tattauna a kan wannan mota.

Abubuwan da aka sauya a jikin motar

Huɗu ne, kuma kowanne an yi shi da kyakkyawar niyya. An cire tayar kamfani, 205R16C mai tsayin kusan santimita 73, an sa 7.50R16 mai kusan santimita 80 don cikin motar ya daina gugar ƙasa. An ƙara ganye biyu a sufirin na baya. Lodi ya tashi zuwa buhu 20, kowane buhu kusan kilo 80, wato kilo 1,600 a kan motar da aka ƙera ta ɗauki kusan tan ɗaya. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi: an buɗe difaransha, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya ta bar kowace ta juya da gudunta, an yi wa ƙananan giyoyin ciki walda, domin tayoyin baya su riƙa juyawa tare idan an shiga taɓo. A gefe guda kuma direban ya samu wata sana'a, janyo motocin da suka kafe, da sarƙa, yana ja baya kaɗan ya fizga.

Abin da fuskar karaya ta nuna

Bakanike da yawa na jefar da guntun shaf a kwandon ƙarafa da zarar sun zaro shi. Asara ce, domin fuskar karaya ita ce shaidar abin da ya faru. A wanke ta da fetur, kada a goge da burushin ƙarfe, kada kuma a haɗa guntayen biyu a gwada su, don gogayya na share alamomin.

Shaf na farko shi ne na asali. Ya karye daidai inda haƙoransa suka ƙare, a bakin giyar difaransha. Fuskar ta fito da siffar tauraro: tsaga ta taso daga gindin kowane haƙori ta nufi tsakiya, gefen tsagogin ya yi duhu da sulɓi saboda sun daɗe suna gugar juna cikin mai, sai wani ɗan fili mai haske a tsakiya wanda shi ne ya tsinke a ranar ƙarshe. Wannan gajiyar ƙarfe ce, irin wadda murɗa ta gaba da baya ke haifarwa. Daga ina murɗar baya ta fito a motar da gaba take tafiya? Daga waldar difaransha. A kwana, tayar waje na da tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Idan an ɗaure su wuri guda, ta ciki ce ke tura motar, ta waje kuma ana riƙe ta kamar an taka mata birki. A kwanar hagu shaf ya murɗu ta nan, a kwanar dama ya murɗu ta can. A cikin taɓo taya na zamewa ta sauke wannan damuwa, amma a kan kwalta da lodin buhu 20 ba ta zamewa da sauƙi, sai shaf ya shanye. Ƙara da jijjiga mota tsakanin giya ta ɗaya da ribas idan ta kafe.

Na biyu ba sabon shaf ba ne. An yanko kan wani tsohon shaf an jona shi da gangar na farko da walda. Bai yi mako ba. Abin lura shi ne bai karye a kan waldar ba, a gefenta ya karye, fuskar tana ƙyalli kamar tsakuwa, da wani baƙin tabo a gefe ɗaya wanda ke nuna tsagar ta buɗe tun lokacin da ƙarfen ke hucewa. Ƙarfen shaf na da kabon kusan kashi 0.4 cikin ɗari, da manganis mai yawa. Idan wutar walda ta taɓa shi ya huce da sauri, wurin da ke maƙwabtaka da waldar na zama mai tauri da gautsi, can gaba kaɗan kuma zafin ya kashe taurin da kamfani ya ba shi. Wuri mai gautsi da wuri mai laushi suna jere cikin santimita biyu. Shaf da aka yi wa walda na iya fitar da mota daga daji a hankali ba kaya, iyakar amfaninsa ke nan.

Na uku sabo ne fil, cikin kwali mai kyau, a farashi mai sauƙi. Haƙoransa sun murɗe, ana ganin karkatarsu da ido, kuma ya yanke a miƙe, fuskar a shafe kamar an goge ta. Alamar ƙarfe mai laushi ke nan da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙarfe mai tauri da gautsi ba haka yake karyewa ba: ɗauki allin makaranta ka murɗa shi da hannu biyu, za ka ga ya tsage a karkace, kusan digiri 45, yana zagaye jikinsa. Duk shaf da ka ga ya yi irin wannan karaya, taurinsa ya yi yawa ko an tsoma shi ba a sake ɗumama shi ba.

An yanka na farko da na uku a gicciye da garanda, ana zuba ruwa don kada zafi ya ɓata gwajin, sannan aka bi fuskar da bakin magagari daga gefe zuwa tsakiya. A na asali, magagari na zamewa har kusan milimita 6 kafin ya fara cin ƙarfe. A na kwali bai kai milimita 2 ba. Daga waje kuwa dukansu magagari ba ya kama su, shi ya sa gwajin da ake yi a shagon kaya, a ɗan goga a ce ai mai tauri ne, ba ya raba na kirki da na banza.

Wannan bambanci na milimita 4 ba ƙarami ba ne, kuma dalilinsa shi ne ginshiƙin duk maganar. Idan aka murɗa sandar ƙarfe, damuwar ta fi yawa a fatar waje, tana raguwa daidai gwargwado har ta zama sifiri a tsakiya. A shaf mai kaurin milimita 31, zoben waje mai zurfin milimita 6 na ɗauke da kusan kashi 86 cikin ɗari na murɗar. Zobe mai zurfin milimita 2 kashi 42 kawai yake ɗauka, sauran 58 ɗin ya bar wa ƙarfe mai laushi da ba zai iya ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa 'yan tsere ke huda tsakiyar shaf don rage nauyi: rami mai faɗin rabin kaurin shaf na cire kashi 25 na nauyi, amma kashi 6 da ɗoriya kawai yake ragewa a ƙarfin murɗa.

Akwai abu na huɗu da ba wanda ya zo nema. An zaro shaf na dama, wanda bai taɓa karyewa ba, aka wanke shi, aka jiƙa shi da kalanzir na minti 20, aka goge tas, aka shafa masa alli da aka dama da sifirit. Da ya bushe aka ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali, sai wani siririn layi mai danshi ya fito a kan farin allin, daidai mazaunin boris. A wurin akwai sawun garanda: wani ya taɓa yanke zoben da ke riƙe boris, dutsen ya ci jikin shaf kaɗan. Tsagar daga nan ta fara. Ita ce mafi hatsari a duk abin da aka gani, kuma za a ga dalili a gaba.

Lissafin

Injin motar na ba da ƙarfin murɗa kusan niyutan-mita 240, Nm a taƙaice. Giya ta ɗaya na ninka shi kusan sau 4, ƙaramar giyar agzilari kusan sau 2.5, difaransha kusan sau 4.5. Jimilla sau 45, wato Nm 10,800 da za a raba wa tayoyi. Injin na da abin da zai karya shaf a kowace rana. Abin da ke hana shi shi ne taya na zamewa kafin a kai can. Don haka ainihin ma'aunin shi ne riƙon taya: nauyin da ke kanta, sau yadda ƙasa ke kama ta, sau rabin tsayinta.

Da lodin buhu 20, aksil na baya na ɗauke da kusan kilo 2,400, kowace taya 1,200, kusan niyutan 11,800. A busasshiyar ƙasa mai tauri riƙon na kai 0.8. Rabin tsayin tayar mita 0.40. Ninka su: Nm 3,800. A kaurin milimita 31 da aka auna a gindin haƙora, wannan ya zama damuwar megafaskal 650 a fatar shaf, MPa a taƙaice.

Yanzu a duba abin da walda ta sauya. Difaransha mai lafiya na ba tayoyi biyu ƙarfi daidai da juna. Idan ta dama na cikin taɓo mai riƙon 0.2, ba za ta karɓi fiye da Nm 950 ba, ta hagu ma iyakarta ke nan ko da a kan dutse take. Motar ta kafe, gaskiya ne, amma shaf na zaune lafiya. Da aka yi walda, ta dama na iyo a taɓo, ta hagu kuma, wadda direban ya saba ɗorawa a kan gaɓa mai tauri, ta kwashi dukan 3,800. Ninki huɗu. Idan kuma taya na cikin juyawa da gudu ta kama ƙasa kwatsam, ko aka fizgi sarƙar da ba ta miƙewa, ko aka saki kuloci gaba ɗaya, nauyin na iya ninkawa biyu cikin ƙiftawar ido. A ce 7,600.

Ƙarafan da ake magana a kansu

Sunayen ƙarfe masu lambobi huɗu, irin 1040 da 4340, na tsarin Amurka ne: biyun farko na faɗin dangin ƙarfen, biyun ƙarshe yawan kabon. Akwai kuma sunayen Ingila, EN8, EN19 da EN24.

1040, ɗan'uwan EN8, ƙarfen kabon ne zalla. 1541 shi ma kabon ɗinsa kusan 0.4 ne, amma manganis ɗinsa ya kai kashi 1.35 zuwa 1.65, abin da ke sa tauri ya shiga ciki sosai. Irin waɗannan ake ƙera yawancin shaf na kamfani da su, a zafafa fatarsu da naɗin wayar lantarki na 'yan daƙiƙu a watsa musu ruwa, fatar ta kai 55 zuwa 60 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell C, cikin ya zauna da laushi. Wannan horo na barin fatar a matse, kuma tsaga ba ta son buɗewa a ƙarfen da ke matse. 4140, wato EN19, shi ne kuromoli na asali, da kuromiyam kusan kashi 1 da molibdenam kusan 0.2. 4340, wato EN24, ya ƙara nikel kashi 1.65 zuwa 2, wanda ke sa shi taurara har tsakiya ba tare da ya yi gautsi ba. 300M kuwa 4340 ne da aka ƙara wa silikon kusan kashi 1.6 da ɗan banadiyam, da shi ake ƙera ƙafafun saukar jiragen sama.

Ga murɗar da shaf mai kaurin milimita 31 zai ɗauka kafin ya fara murɗewar da ba ta komawa. EN8 da ba a hora ba, kusan Nm 1,250. EN24 kamar yadda ake sayar da sandarsa, mai alamar T a ƙarshe, kusan 2,250. 4340 da aka zafafa zuwa digiri 840, aka tsoma a mai, aka sake ɗumama shi a digiri 425, kusan 4,600. 300M da aka hora yadda ya kamata, kusan 5,400.

A ajiye waɗannan kusa da 3,800 da 7,600. Abu biyu ke fitowa. Na farko, sandar EN24 ta gaske, ba jabu ba, idan an fere ta an sa a mota ba tare da horon wuta ba, ba ta kai ko nauyin yau da kullum ba. Ƙarfe ɗaya ne da mai 4,600, horo ne ya raba su. Na biyu, ko 300M bai kai fizgar sarƙa ba. Ba zai tsinke a fizgar farko ba, domin tsakanin fara murɗewa da tsinkewa akwai tazara, amma kowace fizga na cin wani abu daga ransa. A wannan kauri babu ƙarfen da zai jure yadda ake aiki da motar.

Kauri ya fi suna tasiri. Ƙarfin murɗa na tashi da kauri sau kansa sau kansa, don haka ƙarin kashi 10 a kauri na ba da ƙarin kashi 33. 4340 ɗin nan a kaurin milimita 35 zai kai kusan Nm 6,600, ya wuce 300M mai milimita 31 da nisa. Sai dai ramin giyar difaransha na Hilux haƙora 30 yake karɓa, ba a faɗaɗa shi. Wani abin da ake yawan kuskurewa: duk ƙarafan nan taurin lanƙwasarsu ɗaya ne. A nauyi ɗaya, EN8 da 300M za su murɗu daidai da juna. Bambancin shi ne wanne zai koma daidai bayan an sake shi.

Abin da 'yan tsere ke yi, da dalilin da ya sa ba namu ba ne

A tseren gajeren zango na Amurka, mota na tashi daga tsaye ta ci mita 402 a miƙe. Hukumar NHRA, wadda aka kafa a 1951, ita ke tsara dokokinsa. A gasar jan kaya kuwa, wadda ƙungiyar NTPA ke shiryawa tun 1969, mota ko tarakta na jan wani keke mai nauyi a fili mai kusan mita 91, nauyin na matsawa gaba yana danne kekensa cikin ƙasa har motar ta tsaya. Wannan na biyun ya fi kama da aikin fadama: giya ƙasa, ƙarfi sama, taya na tsalle tana kamawa.

Mutanen nan sun fara da kauri ne. A aksil ɗin Ford mai inci 9 da suka fi amfani da shi, shaf mai haƙora 28 na da kaurin kusan milimita 30.5, mai 31 kusan 33.5, mai 35 kusan 38, mai 40 kusan 43.5. Daga 28 zuwa 31 ƙarin ƙarfi na kashi 33 ne, daga 31 zuwa 35 ƙarin kusan 47. Sai bayan nan suke maganar 4340 ko 300M. Kuma dokar NHRA ta hana difaransha da aka yi wa ƙananan giyoyinta walda a kowane aji. Wanda ke son tayoyinsa su kulle, sai ya sa abin da aka ƙera don haka, tare da shaf na musamman da abin da zai riƙe taya idan shaf ya karye.

Shaf ɗin tsere da aka taurara har tsakiya an yi shi ne don murɗa mai tsanani ta 'yan daƙiƙu, a hanya mai sulɓi, a mota marar nauyi, kuma ana zaro shi a duba shi lokaci-lokaci. Masu ƙera shi da kansu na gargaɗin kada a hau titi da shi. Dalilin ya shafi Hilux kai tsaye. A bayan Hilux shaf aiki biyu yake yi: yana juya taya, yana kuma ɗauke da nauyin mota, domin tayar a kan farantinsa take ɗaure, boris guda ke tallafe shi. Duk juyi ɗaya na taya, wuyan shaf na lanƙwasa sama da ƙasa sau ɗaya. Tayar santimita 80 na juyi kusan 400 a kilomita, wato lanƙwasa miliyan ɗaya a kilomita 2,500, ban da ramuka. Abin da ke jure wannan shi ne fata mai tauri a matse da ciki mai laushi da ke tare tsaga. Shaf mai tauri har tsakiya, da zarar tsaga ta kama shi, ba abin da zai rage mata gudu.

A nan tsagar shaf na dama ta shigo. Idan shaf ya karye ta wajen haƙora, motar ta rasa ƙarfi ne kawai, boris da zobensa na riƙe da taya. Idan ya karye a mazaunin boris ko wajensa, taya da gangar birki na fita gaba ɗaya, da lodi, ko a tsakiyar hanyar Bunza ne.

A motocin da aksil ɗinsu ke da boris biyu a kan bututun gidan aksil, irin Land Cruiser 79 da Canter, nauyin mota ba ya bi ta shaf. Murɗa kaɗai yake ɗauka, ana ma iya zaro shi taya na ƙasa. A irin waɗannan ne 4340 da aka taurara har tsakiya ke da ma'ana sosai.

Batun ferewa a gida

An duba shi da gaske kafin a ajiye. Farantin shaf na Hilux da gangarsa ƙarfe ɗaya ne da aka buga da zafi, zaren ƙarfen ya bi lanƙwasar wuyan. Wanda zai fere shi daga sanda sai ya samo mai faɗin farantin ya zubar da mafi yawanta, ya kuma yanke zaren a daidai wuyan da ya fi shan wahala. Idan ya ce zai jona faranti da walda, an koma matsalar shaf na biyu a wuri mafi muni. Haƙoran kamfani matsa su ake yi a sanyi ba yanka ba, kuma kusurwarsu na da ƙa'ida: akwai ta digiri 30, akwai ta 45, ko yawan haƙora ya zo ɗaya ba sa zama da juna daidai. Sannan horon wuta na buƙatar tanda mai ma'aunin zafi. 4340 da aka tsoma a ruwa maimakon mai na iya tsagewa nan take, wanda kuma aka ɗumama tsakanin digiri 260 da 370 ya faɗa zangon da ke sa shi gautsi. Wutar gas da kallon launin ƙarfe sun isa gatari da kurfi, ba su isa sandar da ta haura rabin mita ba.

Ko da an samu shaf ɗin da ya fi na kamfani ƙarfi nesa ba kusa ba, fizgar ba ta ɓace ba, ta matsa ne zuwa na gaba a layi: haƙoran kirawun da finiyan, manyan giyoyin difaransha, ko jointin farfela. Shaf ya fi kirawun da finiyan arha, ya kuma fi su saurin sauyawa.

Abin da aka yi

An cire cikin difaransha da aka yi wa walda, an sa wani mai lafiya. An zubar da man, an bi gidan aksil da maganaɗisu a kan sanda har sai da ɓarɓashin ƙarfe ya daina fitowa, domin guntun haƙori ɗaya da ya rage ya isa ya ɓata kirawun. An miƙa zare ta cikin gidan aksil daga baki zuwa baki don a ga ko lodi ya lanƙwasa shi. Gida mai lanƙwasa na tilasta wa kowane shaf lanƙwasa a kowane juyi, komai kyansa. Wannan ya fito daidai.

Shaf biyu aka saya, na asali 'yan Baljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano. An tafi da tsohon don gwaji: haƙora 30, tsawo, kaurin mazaunin boris, kusoshi 6 a zagayen milimita 139.7, da ko akwai zoben na'urar birki ko babu. An ɗora bakin rula a kan haƙoran kowanne don a ga ko sun karkata, an ƙi duk mai sawun garanda, kurfi ko shuɗin wuta a wuya, an kuma yi musu gwajin kalanzir da alli. Inda aka san ɓangaren da shaf ya fito, a mayar da shi can. Ƙarfen da ya shekara yana murɗuwa ta fuska ɗaya bai kamata a juya masa aiki ba, shi ya sa 'yan tsere ke rubuta hagu da dama a kan nasu.

Boris, zoben riƙo da sil duk sababbi, kuma da injin matsa aka sa su, ba guduma ba, ba wuta ba. Tsohon zobe idan za a cire shi, a rage kaurinsa da garanda a tsaya kafin a kai jikin shaf, a ƙarasa fasa shi da kurfi. Ba a sake amfani da zoben da aka taɓa cirewa, domin matsewarsa ce ke riƙe taya. Kafin a zura kowane shaf an ja masa layin fenti a miƙe daga haƙora zuwa wuya, dabarar da aka aro daga 'yan tsere: duk ranar da aka zaro shi aka ga layin ya karkace, a sauya shi kafin ya tsinke.

Taya ta koma 205R16C, lodi ya koma buhu 12. Da kilo 960 a baya, kowace taya na ɗauke da kusan kilo 880, iyakar murɗar ta sauko zuwa kusan Nm 2,500, damuwar fata kusan MPa 430 maimakon 650. Wannan ragi na kashi ɗaya cikin uku ya fi abin da sauya ƙarfe zai bayar a wajen gajiya, domin ran ƙarfe na tsawaita ninki-ninki idan an rage masa damuwa kaɗan. Mai motar bai ji daɗin ƙarin sawu ba, da gaskiyarsa, man fetur kuɗi ne. An lissafa masa kuɗin shaf uku, da kuɗin tarakta da ta janyo shi sau uku, da kwanakin da motar ta zauna ana tsakiyar girbi.

Don shiga taɓo ba tare da walda ba, a rage iskar taya kafin a sauka fadama, a sa agzilari tun ƙasa na da tauri, a tashi da giya ta biyu a ƙaramar giya da totur kaɗan, a kuma ɗaga ƙafa da zarar taya ta fara tsalle. Wanda ke da hali ya nemi difaransha mai kulle da ake kunnawa a kashe, ya kashe shi kafin ya hau kwalta.

Janye mota kuwa, da igiyar nailan da aka yi don wannan aiki, wadda ke miƙewa ta shanye fizga, a ɗaure a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a bamba ba, ba a ƙwallon jan tirela ba, domin idan ya ɓalle kansa na zuwa da gudun da ke kisa. Mutane su ja baya fiye da tsawon igiyar. A sauke lodi kafin a ja, a haƙe gaban tayoyin motar da ta kafe, kuma kada Hilux ta ja abin da ya fi ta nauyi. Tifa da Canter mai lodi aikin tarakta ne. Idan mai motar na son janye motoci ya zama sana'ar da zai riƙe kowace damina, shawarar da aka ba shi ita ce ya nemi mota mai aksil ɗin boris biyu, ya sa mata injin jan igiya a gaba, Hilux ɗin ta tsaya ga buhunanta. An sa masa ranar zaro shaf ɗin biyu a ƙarshen damina, a duba layin fenti da mazaunin boris.